Mai Sauraron Ɗaki

Ranar da Maite Olguín ta shigo shagona
ban ɗaga kai daga zarto ba.
Na ce ga wata 'yar jami'a,
takarda a hammata, tafin hannu bai san kanta ba.
Shekara arba'in ina yanka katako a Valparaíso,
garin da gidaje ke hawa dutse kamar awaki,
me yarinya za ta koya mini?

Ba ta yi musu ba. Durƙusawa ta yi,
ta tsinci guntun katakon da na yar,
ta shinshina, ta ce, "Wannan ya sha gishirin teku."
Haka ne kuwa. Daga mataccen kwale-kwale na ɓamɓaro shi.

Sai daga baya na ji tushen abin.
Kakanta Anselmo masunci ne,
a cikin jirginsa ta yi karatun fari:
wuri bai fi shimfiɗa ɗaya ba,
amma cokali na da mazauni, fitila na da ƙusa,
kofi na rataye inda igiyar ruwa ba ta kayar da shi.
A nan ta gane ƙunci ba a ɗaki yake ba,
yana kan wanda ya shirya ɗakin.
Digiri ya zo ya tarar da ita da guzurinta.

Aikinmu na farko gidan tsohuwa Rosalba ne,
can ƙarshen matakala ɗari da sha bakwai.
Girgizar ƙasa ta tsaga bangon kicin,
ciwon gwiwa ya raba ta da bene.
Na zo da guduma. Maite ta zo da kujera.
Kwana uku tana zaune, ko layi ba ta ja ba,
tana duban inda rana ke sauka da hantsi,
da inda tsohuwa ke dafa bango in za ta juya,
wurin har ya yi baƙi don maiƙon hannu.
Na ce ni fa kuɗin yini nake ƙirgawa.
Ta ce, "Baba Evaristo, gidan na magana,
bari ya kai aya."

A kan baƙin nan ta sa na kafa mariƙi.
Ta sauko da gado ƙasa.
Tsagar da girgiza ta bari ba ta liƙe ba,
faɗaɗa ta ta yi, ta zama taga,
teku ya leƙo ya gaida mai gida.
Kowace kanta ta sa na yi mata leɓe
don ranar da ƙasa za ta sake yin miƙa
faranti ya zauna inda yake.

Ta yi kuskure, ba zan ɓoye ba.
Fari ƙal ta shafa wa ɗakin,
Rosalba ta ce, "Asibiti kika kawo ni?"
Na gan ta a matakala tana share ido da gefen riga.
Washegari ta hau da gwangwani biyu na ruwan ƙwai,
da kuɗin aljihunta,
muka shafe har dare, ba wanda ya tada zancen.

Yanzu daga Santiago ake kiranta,
otal, ofis, gidan masu hannu da shuni.
Takan je, takan dawo da ƙurar siminti a gashi,
ma'aunin kakanta na katako a jaka,
lambobinsa sun goge, ita kaɗai ke karanta su.

Ni kuwa ido ya fara yi mini rowa.
Makon jiya na yanka ƙofa ta gaza da yatsa biyu,
ban faɗa wa kowa ba.
Yau da safe na buɗe shago
na tarar da ita a lungu, kan kujerar nan,
ba takarda, ba fensir,
tana kallon inda nake laluben ƙusa.